Hawan Dutsen Kilimanjaro: Kwanan da ka rage don tsimin kuɗi shi ne maganinka

A wannan mako za mu yi lissafin kuɗi ne, amma lissafin da ya shafi rai.

Kwanakin baya wata matar aure da ta saba sayen magungunan yaranta a kantinmu ta tsaya bayan na sallame ta. Ta ce, "Anti, don Allah ki duba min wannan takardar. Baban su Amira ne ya ce zai je hawan dutse a Tanzaniya da abokan aikinsa, ni kuwa hankalina bai kwanta ba." Na karɓa na duba. Tsarin tafiya ne na hawan Kilimanjaro, kuma an ba su zaɓi biyu, na kwana biyar da na kwana bakwai. Maigidan ya ja layi a ƙarƙashin na kwana biyar, ya rubuta a gefe cewa ya fi sauƙi. Ya lissafa tikitin jirgi da otal da takalmi har da tsarabar yara. Babu kuɗin ganin likita a lissafin, babu inshora, babu ko sisi na ko-ta-kwana.

Irin wannan tafiya ta fara shiga ran matasanmu ma'aikata a Legas da Abuja da Fatakwal, kuma ba laifi ba ne mutum ya so ganin ƙasa. Abin da nake so mu duba shi ne inda ake iya rage kuɗi da inda ba a taɓawa.

Abin da tsayi yake yi wa jiki

Kilimanjaro shi ne dutse mafi tsayi a Afirka, ƙololuwarsa da ake kira Uhuru tana mita 5,895 sama da teku. Don ka kwatanta, Legas tana bakin teku, Jos tana wajen mita 1,200, kuma Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ke nan ko wanda ya taka wuri mafi tsayi a ƙasar nan bai kai rabin Kilimanjaro ba.

Duk yadda ka ƙara hawa, nauyin iska yana raguwa, don haka kowane numfashi da ka ja yana shigar da iskar oksijin ƙasa da yadda jikinka ya saba. A ƙololuwar dutsen, abin da kake samu bai wuce kusan rabin na bakin teku ba. Jiki yana iya sabawa, yana ƙara saurin numfashi, ƙoda tana daidaita sinadaran jini, amma wannan aiki yana ɗaukar kwanaki. Idan aka hana shi lokaci, sai ciwon tsayi ya taso, galibi daga mita 2,500 zuwa sama: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci da ƙin abinci. Idan aka ci gaba da hawa a haka, ruwa yana iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma kowanne daga cikinsu yana kisa cikin ƙanƙanin lokaci.

Ka lura, ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan. Ɗan ƙwallo yana iya kwantawa, dattijo mai tafiyar hawainiya ya wuce shi. Shi ya sa kalmar da za ka fi ji a bakin jagororin dutsen ita ce "pole pole", wato sannu sannu da harshen Suwahili.

Lissafin kwanaki

Shawarar likitocin da suka ƙware kan lafiyar masu hawan dutse ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa tsayawa hutun yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Yanzu dubi hanyar Marangu ta kwana biyar, wadda maigidan nan ya zaɓa. Daren farko ana kwana a Mandara, wajen mita 2,700. Na biyu a Horombo, wajen mita 3,700. Na uku a Kibo, wajen mita 4,700, daga nan a tashi da tsakar dare a nufi ƙololuwa. Kowane dare ana ƙara kusan mita 1,000, ninki biyu na abin da aka shawarta.

Hanyoyin da suka fi tsawo, kamar Machame ta kwana bakwai ko Lemosho ta kwana takwas, sun fi ba jiki dama. A kansu akwai ranar da ake hawa zuwa Lava Tower, wajen mita 4,600, sannan a gangaro a kwana a Barranco, ƙasa da mita 4,000. Hawa sama da rana a kwana ƙasa da dare yana taimaka wa jiki ya saba.

To nawa ne bambancin? A farashin da hukumar gandun dajin Tanzaniya take karɓa daga baƙi a 'yan shekarun nan, kuɗin shiga dala 70 ne kowace rana, kwanan tanti dala 50, kwanan bukka a hanyar Marangu dala 60, kuɗin ceto dala 20 sau ɗaya, sannan a ɗora harajin kashi 18 cikin 100. Idan ka haɗa, na kwana biyar a Marangu ya kama kusan dala 720, na kwana bakwai a tanti kusan dala 956. Ƙarin kwana ɗaya a tanti wajen dala 142 ne a ɓangaren hukuma, sai abin da kamfani zai ƙara na abinci da ladan ma'aikata. Ka nemi kamfani ya nuna maka farashin ranar da za ka biya a rubuce, sannan ka juya shi zuwa Naira da canjin ranar.

Kuɗi ne mai yawa, ban musa ba. Amma ka auna shi da jimillar tafiyar. Mutum ya biya tikitin jirgi da biza da kayan sanyi, ya kashe miliyoyin Naira, sannan ya yi rowar kwana biyun da su ne za su sa ya kai ƙololuwa kuma ya sauko da ƙafafunsa. Idan aljihunka bai kai kwana bakwai ba, ka ɗage tafiyar zuwa baɗi ka ci gaba da tari. Dutsen yana nan.

Kamfani da 'yan dako

Dokar Tanzaniya ba ta yarda a hau dutsen babu jagora mai lasisi ba, don haka dole ka bi ta kamfani. Su ne suke biyan kuɗin hukuma, su kawo tanti da abinci da mai girki da 'yan dako. Tunda ka riga ka san kuɗin hukuma kaɗai ya kusa dala 1,000 a tafiyar kwana bakwai, idan wani ya yi maka tayin da bai fi haka da yawa ba, ka tambayi kanka daga ina ya rage. Amsar takan kasance daga abinci, ko ladan 'yan dako, ko kayan agajin gaggawa. Araha ba ta ado.

Kafin ka tura kuɗi, ka tambaya a rubuce: shin suna tafiya da tulun oksijin na gaggawa? Suna auna oksijin ɗin jinin kowa safe da yamma da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa? Jagora nawa ne za su raka ku, ta yadda idan mutum ɗaya ya kasa, za a samu mai saukowa da shi? Akwai wata ƙungiya da ake kira KPAP mai sa ido kan haƙƙin 'yan dakon dutsen, kana iya duba ko kamfanin yana cikin masu aiki da ita.

Ka ware tukuicin ma'aikata tun daga gida. A can ba kyautar ganin dama ba ce, wani ɓangare ne na abin da suke dogara da shi, kuma a tafiyar mako guda yakan kai dala ɗari biyu zuwa uku a kan kowane mai hawa.

Kuɗin da za a fara kashewa: ganin likita

Wannan shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin, kuma shi ya kamata a fara biya, kafin tikiti. Abu na farko, ka san jinotaif ɗinka. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Mai ciwon sikila, wato SS ko SC, wannan tafiya ba tasa ba ce, domin ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki su ne ainihin abubuwan da suke tayar da ciwon. Mai AS kuwa, duk da yana zaune lafiya a gida, a wuri mai tsayi sosai jini yana iya toshewa a saifarsa, abin da yake zuwa da matsanancin ciwo a gefen hagu na ciki. Lallai ya zauna da likita kafin ya yanke shawara.

Haka mai hawan jini, ciwon zuciya, asma ko ciwon sukari, da mai ƙarancin jini, da mai juna biyu. Wasu likita zai amince musu bayan ya daidaita magani, wasu zai hana su. Gara ka ji "a'a" a ɗakin likita bayan ka kashe kuɗin kati da gwaji, da ka ji ta a mita 4,000. Mai amfani da allurar insulin ya tuna cewa daskarewa tana lalata ta, kuma sanyin daren ƙololuwa yana sauka ƙasa da sifili sosai, don haka a jikinsa zai riƙa ajiye ta.

Maganin da aka fi sani na rigakafin ciwon tsayi shi ne acetazolamide, wanda wasu suka sani da Diamox. Yawanci ana ba babba miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, kuma lemon kwalba yakan sauya ɗanɗano a baki. Da takardar likita ake sayensa, kuma wanda ya taɓa samun mummunar matsala da magungunan sulfa, irin su Septrin ko Fansidar, ko mai ciwon ƙoda, dole ya faɗa wa likita. Ina ba da shawarar a gwada shi kwana ɗaya ko biyu a gida kafin tafiya. Yana taimaka wa jiki ya saba da wuri, amma ba ya maye gurbin kwanakin da ka yanke.

Sauran kayan jakar magani ba su da tsada: farasitamol, gishirin ORS, maganin gudawa, filastar kumburin ƙafa, man kare fata daga rana, man leɓe, da tabarau mai tare hasken rana. Magungunan da kake sha kullum ka ɗauki fiye da adadin kwanakin, a jakar hannu, cikin kwalinsu. Ka guji ƙwayoyin barci da kodin da tiramadol, domin suna rage numfashi a inda kake buƙatar kowane numfashi. Ka kuma tambayi likita game da zazzabin cizon sauro, tunda akwai shi a garuruwan gindin dutsen irin su Moshi.

Inshora, biza da kayan sanyi

Dala 20 ɗin nan ta ceto ba ta haɗa da jirgi mai saukar ungulu ko kuɗin asibiti ba. Inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa tana cire hawan dutse mai tsayi. Ka karanta takardar, ka tabbata an rubuta cewa ta shafi tafiya har mita 6,000, da ɗauko majinyaci ta sama, da jinya a Tanzaniya. Ka bar kwafinta a hannun iyalinka.

Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ya jira amincewa, don haka ka fara da wuri, kada ka sayi tikitin da ba a sauya masa rana kafin ta fito. Ana kuma neman katin rigakafin cutar shawara daga wanda ya taso daga Najeriya.

A kayan sanyi ne za ka iya yin tsimi ba tare da haɗari ba. Jakar barci da babbar rigar sanyi da sandunan tafiya duk ana bayar da hayarsu a Moshi da Arusha. Takalmi ne kawai za ka saya naka, ka yi makonni kana tafiya da shi har ya saba da ƙafarka. Tsaraba da ƙarin kwanakin yawon kallon namun daji su ma ana iya ajiye su. Ka zaɓi lokacin rani na can, Janairu zuwa farkon Maris ko Yuni zuwa Oktoba, ka kauce wa ruwan Afrilu da Mayu.

Kuɗin da za ka iya haƙura da su

Wannan shi ne abin da na fi jaddada wa maigidan nan ranar da matarsa ta kawo shi kantin. Kada a ci bashi don wannan tafiya, kada a taɓa kuɗin makarantar yara ko na haya, kuma a bar wa gida cefanen da zai wuce ranar dawowa. A ware aƙalla kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na jimillar don abin da ba a zata ba, kamar ƙarin kwanan otal idan ka sauko da wuri, ko sauya tikiti.

Dalilina na lafiya ne. Mutumin da ya ranto kuɗi ko ya sayar da fili, idan kansa ya fara sarawa a mita 4,500, lissafin asara zai riƙa yi, sai ya ɓoye wa jagora halin da yake ciki. Alhali ƙa'idar a bayyane take: idan alamun ciwon tsayi suka bayyana, kada a ƙara hawa. Idan suka ƙaru, ko mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko maganarsa ta rikice, ko numfashi ya gagara yana zaune, ko tari mai kumfa ya taso, a sauko nan take, ko da tsakar dare ne. Sauka ita ce babban magani, kuma wanda ya tafi da kuɗin da zai iya haƙura da su shi ya fi saurin yarda ya juya.

Maigidan ya yi gwajin jininsa, ya fito AA. Ya fasa bin abokansa a wannan karon, ya koma tsarin kwana bakwai, yana ci gaba da tari. Matarsa ta ce min yanzu kullum da asuba yana zagaya unguwa da sabon takalminsa, yara suna yi masa dariya.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.