3.4 'Yan Aiken Manhaja a Tsarin Rabon Taki ta Waya

Abin da ake nufi da 'yan aike a wannan kundi shi ne ƙananan umarnai da ake rubutawa sau ɗaya a uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke sarrafa saƙonni, kowane sashe na manhaja ya riƙa kiran su idan buƙata ta taso. Ana iya ganin amfaninsu a tsari irin na shirin GES da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2012, zamanin Ministan Noma Akinwumi Adesina, inda manomi kan sami saƙo a wayarsa ya karɓi taki buhu biyu a rabin kuɗi.

Alal misali, manomi a Ɗambatta ko Bici zai ba da lamba mai farawa da 0803, alhali wataƙila an ajiye ta da 234803. In babu ɗan aiken da zai daidaita su, sai mutum ɗaya ya zama biyu, ko a rasa sunansa, har damina ta yi nisa gero bai ga taki ba.

Akwai kuma mai ƙidayar baƙaƙe. Saƙo ɗaya kan ɗauki baƙaƙe 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ta shiga sai ya koma 70. Cire ƙugiyar ya fi araha, sai dai "ƙasa" ta koma "kasa" ke nan.