Masu Bin Inuwar Wata Zuwa Cikin Hamada

Ran Laraba, 29 ga Maris 2006, da hantsi, rana ta yi duhu a Gusau da Katsina da Maraɗi. Kaji suka nufi akurki, sanyi ya sauko, taurari suka fito. Bayan 'yan mintoci haske ya komo. Mutanen garuruwan nan husufin ya iske su a ƙofar gida. Amma a wannan safiya akwai waɗansu baƙi da suka ƙetare teku, suka kwana da kwanaki cikin rairayi, domin su ga wannan abu. Bari mu duba abin da ya kai su, da irin shirin da aka yi kafin su tafi su komo lafiya.

Me ya sa sai hamada?

Husufin rana yana faruwa sa'ad da wata ya gitta tsakanin duniya da rana. Rana ta fi wata faɗi wajen sau 400, amma kuma ta fi shi nisa wajen sau 400, saboda haka a idonmu girmansu ɗaya ne. Inuwar da wata yake jefawa bisa ƙasa siririya ce. A 2006 faɗinta bai kai kilomita 190 ba. Wanda yake cikinta shi ne zai ga rana ta rufe ɗungum. Wanda yake gefe kuwa sai ya ga kamar an gatsi ranar kawai. Masana sun ce bisa ga lissafi, wuri guda yakan yi wajen shekara 375 kafin ya sāke ganin cikakken husufi. Don haka mai son gani tilas ya bi inuwar inda za ta bi.

A wannan shekara inuwar ta taso daga Barazil, ta haye teku, ta shiga Ghana da Togo da Benin da Nijeriya da Nijar, ta taɓa Chadi, ta ratsa Libiya da kusurwar Masar, kāna ta wuce Turkiyya. Inda duhun ya fi daɗewa shi ne kusa da iyakar Chadi da Libiya, minti 4 da daƙiƙa 7. A bakin teku girgije yana iya ɓata kome. A hamada kuwa da wuya a ga hadari a watan Maris. Dalilin ke nan da ya sa aka nufi can.

Hanyar ayarin gishiri

Waɗanda suka zaɓi Nijar sun sauka Agadas, sa'an nan suka yi gabas zuwa wajajen Bilma da Dirku. Tsakani akwai hamadar Tenere, tafiyar fiye da kilomita 500, babu kwalta. Hanya ce tsohuwa. Ita ce ayarin raƙuma na Abzinawa yake bi ta Fachi zuwa Bilma domin ɗauko kantun gishiri da dabino, gishirin nan da yake sauka har kasuwannin ƙasar Hausa. Sanin da madugai suka gāda na rijiyoyi da tuddan rairayi da taurari, shi ne jarin da masu kai baƙi suka riƙe.

Abu na fari cikin shiri shi ne ruwa. Mu yi lissafi irin na aji. A ce baƙi da direbobi da masu dafuwa sun kai mutum 30, za su yi kwana 10, kowa yana bukatar lita 10 a yini domin sha da abinci. Lita 3,000 ke nan, watau duro 15 masu cin lita 200. Ba a sa na wanka ba, ba a kuma sa na ajiya ba domin ranar da mota za ta lalace. Man fetur ma haka ne, gama mota tana shan mai ƙwarai cikin rairayi.

Na biyu, mota ɗaya ba ta shiga Tenere ita kaɗai. Akan tafi a jere, da makaniki, da kayan gyara, da shebur, da faranta na ƙarfe da ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya in ta nutse. Akan rage iskar taya domin ta yi faɗi bisa rairayi. Akan sanar da hukuma hanyar da za a bi da ranar komowa, a kuma riƙe wayar da take aiki da tauraron ɗan Adam. Ƙa'ida babba ita ce, kadan mota ta tsaya, kada kowa ya bar ta ya kama tafiya da ƙafa. Mota ana hangenta daga nesa, mutum kuwa ɓacewa yake yi.

Kafa zango

Zaɓen wurin zango aikin lissafi ne. Ana so a zauna kusa da tsakiyar hanyar inuwar, domin a gefenta duhun gajere ne. Akan iso da kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, gama husufi ba ya jiran wanda tayarsa ta fashe. Akan ajiye motoci nesa, a hana su motsi da safen, don kada ƙura ta tashi ta shiga madubin hangen nesa. Akan haƙa makewayi a gefen da iska ba ta busowa, a yi dafuwa da gas domin itace ba shi da yawa, a kwashe shara duka a koma da ita.

A Libiya shirin ya fi haka girma. An kafa garuruwan tanti kusa da Jalu da kuma wajen dutsen nan Waw an Namus. A Masar jama'a masu yawa suka taru a Sallum, har da shugaban ƙasar na lokacin, Hosni Mubarak.

Ba shi ne karo na fari ba

Ran 30 ga Yuni 1973 wani husufi ya bi ta Muritaniya da Mali da arewacin Nijar da Chadi har Kenya. Duhunsa ya kai minti 7 da daƙiƙa 4 a inda ya fi daɗewa. Masana suka kafa zango a Shingit ta Muritaniya da bakin tafkin da yanzu ake kira Turkana. Waɗansu suka shiga jirgin sama Concorde, suka bi inuwar a guje har suka yi minti 74 cikin duhu, suka sauka a Fort-Lamy, watau Njamena ta yau. Shekarar nan kuwa ta babban fari ce, dabbobin makiyaya suna ta mutuwa. Wannan ya isa ya tuna wa kowane baƙo cewa rijiyar da ya tsaya a bakinta ran waɗansu ce. Mai shirya tafiya na kirki ba ya ƙarar da ruwan masu wuri, yana kuma biyan jagora da direba hakkinsu cikakke.

Kasuwar baƙi ma ba ta tsaya sai da zaman lafiya. Tawayen da ya tashi a arewacin Nijar a 2007 ya tsai da zuwansu Agadas, yaƙin Libiya na 2011 kuma ya rufe waccan hanya. Direbobi da maƙeran azurfa da masu masauki su ne suka fara jin jiki.

Abin da ke gabanmu

Husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11. Na 1973 ya komo a 1991 da 2009, na gaba cikin jerin kuwa shi ne na 2 ga Agusta 2027, ta arewacin Afirka da Saudiyya, da duhun fiye da minti 6 kusa da Luksor ta Masar. Akwai kuma wani ran 20 ga Maris 2034, wanda inuwarsa za ta bi ta Nijeriya da Kamaru da Chadi. Yaran da muke koya wa karatu yau za su gan shi da girmansu, in Allah ya kai rai.

Saboda haka, iyaye da malamai, mu koya musu tun yanzu. Husufi ba alamar masifa ba ne, tafiyar wata ce da aka san ranarta da sa'arta. Hatsarin yana ga ido. Kada a dubi rana kai tsaye, ko ta baƙin tabarau, ko ta gilashin da aka shafa wa hayaƙi, ko cikin ruwan ƙwarya. Rana tana ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba, lahanin kuwa yana iya zama na har abada. A nemi tabarau na musamman da aka yi domin husufi. In babu, a huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a bar hasken ya faɗi bisa farar takarda. Ko kuwa a tara yara a gindin itace mai ganye, su dubi ƙasa. Za su ga ɗaruruwan ƙananan jinjirin rana a warwatse cikin inuwa.