Miskilin Ofis da Sarkin Surutu

Duk wanda ya taɓa zaman taron ma'aikata ya san su. Oga bai rufe baki ba, wani ya riga ya miƙe da amsa, yana yi yana gyara zaman hula. Can ƙarshen tebur ga akanta, kai a sunkuye, ko tari bai yi ba har aka tashi. Washegari shi ne zai ƙwanƙwasa ƙofa da takarda a hannu: "Ranka ya daɗe, lissafin jiya akwai gyara a shafi na uku." Amma in ƙarin girma ya zo, mai baki ake fara tunawa. Shi kuwa a ce miskili ne, ko girman kai ke damunsa.

Rarraba mutane bisa halinsu ba yau aka fara ba. Galen, likitan Girkawa, ya kasa ɗabi'a gida huɗu, Ibn Sina ma ya yi dogon bayani kan zafi da sanyi da danshi da bushewar jiki. A 1921 Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, ya bambanta masu samun kuzari a cikin jama'a da masu samunsa a kaɗaice. A kan aikinsa ne wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka gina gwajin Myers-Briggs mai raba mutane gida 16. Akwai kuma gwajin DISC, da ya samo asali daga littafin William Marston na 1928. 

Ni dai ban yarda a manna wa mutum haruffa huɗu na sakamakon Myers-Briggs a goshi ba. Mutane da yawa in sun sake gwajin bayan 'yan makonni sai su tsinci kansu a wani gida daban, kuma masu Myers-Briggs da kansu sun ce kada a ɗauki ma'aikaci ko a ƙi shi da sakamakonsa. Masana halayyar ɗan Adam sun fi natsuwa da ma'aunai biyar, waɗanda kowa ke da rabonsa a kowanne, wani da yawa wani kaɗan: son sabon abu, tsare aiki da cika alkawari, son shiga jama'a, sauƙin kai, da saurin damuwa. A 1991 Murray Barrick da Michael Mount suka tattara bincike masu yawa, suka ga tsare aiki ne ke tafiya da ƙwazo a duk sana'o'in da suka duba. Son jama'a kuwa ya fi amfani a talla da shugabanci.

Akwai kuma abin da takardar gwajin da aka tsara a Amurka ba za ta gani a nan ba, wato kunya. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya musa wa babba a bainar jama'a, kada ya haɗa ido da sa'an mahaifinsa, ai shiru zai yi a gaban darakta ko da ya ga kuskure ƙiri-ƙiri. Bi shi wajen mai shayi da daddare ka ji yadda yake ɗaga murya a gardamar ƙwallo, ba ya bari kowa ya kai aya. Haka mace ɗaya tilo a cikin maza goma. Shirunsu na ladabi ne, kuma ofis ne ke asara in shugaba ya ɗauka ba su da ta cewa.

Sai dai kada wannan ya zama mafaka. Mai zuwa aiki ƙarfe goma, da mai daka wa masinja tsawa a gaban baƙi, duk "haka halina yake" suke cewa. An ce hali zanen dutse, amma bincike ya nuna yawancin mutane na ƙara natsuwa da riƙon aiki yayin da shekaru ke ja. Zafin rai hali ne, wulaƙanta na ƙasa kuwa zaɓi ne.

Don haka, yallaɓai shugaba, ka raba batutuwan taro tun ana gobe, ka buɗe ƙofar kawo shawara a rubuce, kuma kafin ka yanke hukunci ka kira na ƙasa da kai ka ji ta bakinsa ku biyu.