Ƙaramar Tarakta: Yadda Ake Zaɓenta Da Kayan Da Ake Ɗaura Mata

A ƙasar Yawuri, daga Shanga zuwa Yelwa har Wara, babban abin da ke damun manomi a farkon aiki shi ne gyaran ƙasa. Ruwa ba ya jiran kowa. Idan damina ta sauka, ko ruwan tafki ya janye ya bar laka, kwanakin shuka kaɗan ne. Kuɗin 'yan ƙwadago ya hau. Shanun huɗa sun yi tsada, ga kuma tsoron ɓarayin shanu. Babbar tarakta ta haya kuwa, sau da yawa sai an yi ta jiran layi har lokaci ya wuce.

A shekarar 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen Babban Bankin Nijeriya ga manoman shinkafa a Birnin Kebbi. Tun daga lokacin noman shinkafa ya ƙaru a jihar, bukatar injin noma ita ma ta ƙaru. Manoma da yawa sun fara tunanin sayen ƙaramar tarakta, wasu su kaɗai, wasu a ƙungiya.

Tunani ne mai kyau. Amma kuɗin ba kaɗan ba ne. Wani sai ya sayar da shanunsa da amfanin shekara guda kafin ya haɗa su. Idan ya yi zaɓen tumun dare, injin zai kwanta a gindin bishiya, bashi kuma ya tashi. Saboda haka ya kamata manomi ya san abin da zai saya tun kafin ya kwance lalitarsa.

Tarakta ba ta noma da kanta

Tarakta ƙarfi ce kawai, kamar bijimi. Bijimi ba ya huɗa sai an ɗaura masa garma. Ba ya ɗauko kaya sai an ɗaura masa amalanke. Haka tarakta take. Abin da aka ɗaura mata shi ke yin aikin.

A ƙasashe masu tsananin sanyi, kamar Kanada da arewacin Amurka, dusar ƙanƙara kan zubo ta toshe hanyar shiga gida. Mutanen can kan sayi ƙaramar tarakta don share ta. Sukan ɗaura mata faifan ƙarfe a gaba mai ture ƙanƙarar. Sukan naɗa sarƙa a tayoyi don maganin santsi, su ƙara mata nauyi a baya. Idan sanyi ya wuce sai su kwance waɗannan kaya, su ɗaura na yankan ciyawa. Inji ɗaya ne, kayan aiki ne ke sauyawa.

A Ngaski babu ƙanƙara, amma akwai laka da yashi da ƙura. Darasin ɗaya ne. Manomi ya fara lissafa ayyukan da yake so a yi masa. Daga nan ya nemi kayan da ke yin waɗannan ayyuka. Sannan ya nemi taraktar da za ta iya jan kayan. Wanda ya fara da sayen tarakta, kuɗinsa suka ƙare bai sayi garma ba, ya sayi doki babu sirdi.

Iri biyu ne

Ta farko ita ce mai taya biyu. Mai aiki yana binta a baya yana riƙe da hannayenta, kamar mai bin garmar shanu. Yawanci tana shan man gas. Ƙarfinta kan kama daga doki 8 zuwa doki 15. Tana iya gyara kusan hekta ɗaya a yini, idan ƙasa ta yi laushi kuma mai aikin ya ƙware. Injinta mai sauƙi ne, irin na injin niƙa, don haka makanikan karkara suna gane shi.

Ta biyu ita ce mai taya huɗu, wadda ake hawa a tuƙa. Ƙaramarta tana da ƙarfin doki 20 zuwa 40. Manyan da aka saba gani ana haya sukan kai doki 60 zuwa 75. Mai taya huɗu ta fi sauri, ta fi jan kaya. Amma ta fi tsada, ta fi shan mai, gyaranta kuma ya fi cin kuɗi.

A dubi irin gonar

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya cinye ƙauyuka da tsibirai, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Tun daga nan ruwan tafkin ke hawa da sauka kowace shekara. Yakan cika da ruwan damina, da kuma ruwan da ke isowa daga baya, wanda ya taso tun daga ƙasar Gini. Sannan ya riƙa janyewa a hankali, yana barin ƙasa mai danshi. Wannan ya sa gonakin yankin suka kasu uku.

Akwai fadama da bakin tafki, inda ake shinkafa da albasa. Ƙasar nan laka ce, gonakin kuma ƙanana ne, an yanka su fangali-fangali. Tarakta mai nauyi takan kafe a nan, ta rushe kunyoyin da ke tare ruwa. Mai taya biyu ce ta dace, domin ba ta da nauyi kuma tana juyawa a ƙaramin wuri.

Akwai tudu, inda ake dawa da gero da masara da gyaɗa da wake. Idan gonar tana da faɗi kuma an tone kututture, mai taya huɗu ta fi amfani. Idan da sauran kututture da duwatsu, a fara cire su. Su ne ke karya garma su fasa taya.

Akwai kuma tsibirai, inda Gungawa da sauran jama'a ke noma. Can sai da jirgin ruwa. Mai taya biyu ce kaɗai ke shiga jirgi, ita ma nauyinta kan kai na buhun shinkafa huɗu ko biyar. A ƙetare da ita ita kaɗai, a ɗaure ta a tsakiyar jirgi, ba ranar kasuwa ba. Jama'ar Wara ba su manta da hatsarin jirgin da ya ci rayuka masu yawa a watan Mayu na shekarar 2021 ba.

Kayan da ake ɗaura mata

1. Haro mai juyawa. Wuƙaƙe ne masu juyawa da ke ɓarje ƙasa. Shi ne babban abokin mai shinkafa da mai albasa. Wuƙaƙen suna cinyewa, a sayi na ajiya tun farko.

2. Garma. Ita ke kifa ƙasa ta binne ciyawa. A auna ta da ƙarfin injin. Ƙaramar tarakta mai taya huɗu garma mai faifai biyu take ja. Mai faifai uku ta manyan taraktoci ce. Idan aka ɗora wa ƙarama za ta yi ta baƙin hayaƙi, injin ya mutu da wuri.

3. Rija. Ita ke tada kunya a gonar tudu.

4. Tayoyin ƙarfe. Ana sa su a madadin na roba idan za a shiga laka. Tayar roba tana juyawa a wuri ɗaya cikin taɓo, ta ƙarfe kuwa tana cizon ƙasa. Idan za a hau hanya a mayar da na roba.

5. Allon baje ƙasa. Shi ke daidaita fangali don ruwa ya kwanta bai ɗaya. Gonar da ba ta daidaita ba, wani gefe ya nutse, wani gefe ya bushe ciyawa ta cinye shi.

6. Tirela. Aikin garma na makonni ne, aikin tirela na shekara ne. Tana kai taki gona, ta kwaso amfani, ta kai buhuna bakin titi ko kasuwa. Sau da yawa kuɗin dakon ne ke biyan bashin injin. Tirelar mai taya biyu ba a ɗora mata fiye da tan ɗaya, wato buhu 10 masu kilo 100. A tabbatar tana da birki.

7. Bel da mahaɗi. Da su injin ke juya famfon ban-ruwa ko injin casa. Ta haka tarakta ba ta zaman banza da rani.

8. Faifan ture ƙasa. Na mai taya huɗu ne. Bayan damina hanyoyin gona kan cika da yashi da ramuka, motar ɗaukar kaya ta ƙi shigowa, dillalai su karya farashi. Da wannan faifai ana ture yashi, a cike ƙananan ramuka, a buɗe wa ruwa hanya a gefe. Ba zai yi aikin katafila ba, amma yana gyara hanyar gona da ta shiga ƙauye.

Ba dole ne a sayi duka rana ɗaya ba. Mai fadama ya fara da haro mai juyawa da tayoyin ƙarfe da tirela. Mai tudu ya fara da garma da rija da tirela. Amma a tambayi mai sayarwa ko sauran kayan za su hau wannan taraktar idan an tashi sayensu.

Tambayoyi kafin a biya

Ta farko: ana samun kayan gyaranta a Yelwa ko Kwantagora? Idan sai an aika Kano ko Legas, ƙaramin ƙarfe zai iya kwantar da ita mako biyu ana tsakiyar shuka.

Ta biyu: akwai makanike a kusa da ya san irinta? A duba irin wadda maƙwabta ke amfani da ita, a tambaye su abin da ya fi lalacewa. Tarakta mai kyan fenti wadda ba wanda ya san cikinta wahala ce.

Ta uku: sabuwa ce ko ta hannu? Idan ta hannu ce a je da makanike. A tashe ta da safe injin yana sanyi. A dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi yana nuna injin na shan baƙin mai. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa yana iya nuna ruwa na shiga injin. A zaro ma'aunin baƙin mai. Idan man ya yi fari kamar madara, ruwa ya gauraya da shi, a bar ta. A duba ƙarƙashinta ko tana yoyo. A ɗaura mata garma a gwada ta a gona, ba a kan titi ba.

Ta huɗu: akwai takarda? A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan mai sayarwa, a gaban shaidu. Araha ba ta ado. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Lissafin ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manoma kan haɗa kuɗi su sayi tarakta ɗaya. Amma a yi lissafi tukuna. A ce mutum 10 ne, kowa da hekta 2. Jimla hekta 20 ke nan. Mai taya biyu za ta yi kwana 20 ko fiye kafin ta gama. Na ƙarshe a layi zai makara, rigima ta tashi. Irin wannan ƙungiya ko ta rage yawan gonaki, ko ta sayi inji biyu, ko ta nemi mai taya huɗu.

A rubuta dokoki a littafi. A rubuta layin aiki, a riƙa juya shi kowace shekara. Kowa ya biya kuɗin aiki, har da shugaba. A raba kuɗin da ya shigo kashi huɗu: na mai, na direba, na gyara, da na ajiya don sayen sabuwa. Direba ya zama ɗaya ko biyu. Injin da kowa ke hawa ba ya daɗewa. A nan ne ilimin yaƙi da jahilci ke amfani, domin ma'aji da magatakarda sai sun iya rubutu da lissafi.

Kula da ita

Kowace safiya a duba baƙin mai da ruwa, a ɗaure kusoshin da suka saki, a sa giris. Lokacin hunturu a wanke matatar iska kullum, domin ƙura ce ke cinye injin. A tace man gas da tsumma mai tsabta. Man jarka mai ruwa ko datti yana kashe famfon mai. A juye baƙin mai a kan lokacin da littafin injin ya faɗa. Bayan aikin fadama a wanke laka. A ajiye ta a rumfa a kan tudu. Ambaliyar shekarar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, kuma ruwa ba ya sallama kafin ya shigo.

Tsare rai

Kada yara su hau tarakta ko su tsaya kusa da haro. A kashe inji kafin a sa hannu a cire ciyawa daga wuƙaƙe. Kada a yi aiki da babbar riga ko rawani mai lilo kusa da bel. Kada a bi gefen gaɓa ko gangara a karkace, tarakta na iya kifewa. Idan za a ja abu mai nauyi a ɗaura shi a mahaɗin da ke ƙasa. Idan aka ɗaura a sama, tarakta kan ɗaga gaba ta faɗo wa direba. Mai taya biyu kuma tana da wani hali a gangara idan tana jan kaya: idan aka matse hannun kwana na dama sai ta yi hagu. A sauka a ƙaramar giya, a juya ta da ƙarfin hannu.

Mai niyyar saye ya tuntuɓi malamin gona na hukumar KARDA da ke yankinsa, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukuma a Wara, Yelwa ko Shanga. Ya je da lissafin girman gonarsa, da irin ƙasarta, da ayyukan da yake so a yi masa. Da wannan takarda a hannu zai shiga kasuwa ya san abin da ya zo nema.