Gwajin Manhaja Da Dillalin Maigatari Zai Iya Karantawa

Duk ranar Alhamis, kasuwar dabbobi ta Maigatari kan cika da fatake daga Gumel, Gagarawa, Sule Tankarkar da Nijar, ana ciniki da naira da sefa. Idan manhajar canjin kuɗi ta yar da sifili ɗaya, sai kuɗin bijimi ya koma na rago.

Shi ya sa ake gwada manhaja kafin a sake ta. A salon da Dan North ya bayyana a 2006, ana rubuta gwajin kamar labari. A yaren C++, Catch2 na sauƙaƙa hakan da makro, wato gajerun kalmomin da kwamfuta ke warwarewa zuwa cikakken umarni:

GIVEN: an saka farashin canjin yau.
WHEN: dillali ya shigar da kuɗin bijimi a sefa.
THEN: naira ta fito daidai.

Idan lissafin ya karkace, gwajin zai faɗi, ya nuna layin da ya gaza.

Jimlolin nan ana iya rubuta su da Hausa. Dillalin da bai taɓa ganin C++ ba zai karanta, ya gane an manta da la'ada tun kafin Alhamis.