Olsar Da Ta Ƙi Ji, Ta Ƙi Gani: Abin Da Wata Bakteriya Ke Ƙullawa A Tumbinmu

Da wuya ka shiga gida a ƙasar Hausa ba ka tarar da mai olsa ba. Ko uwargida ce da ke kwana da zafin ƙirji, ko maigida da ba ya fita sai da ƙwayar tsotsawa a aljihu. In an tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce: yunwa, yaji, ko yawan tunani. Magani kuwa sananne ne: a sha madara, a aiki yaro kemis ya sayo farin ruwan nan na kwalba. A samu sauƙi na kwana biyu, ciwo ya dawo. Haka wasu ke shafe shekara goma.

Yunwa da yaji na iya tayar da zafin gyambon da ya riga ya samu, amma ba su ne kan gaba wajen haddasa shi ba. Manyan dalilan gyambon ciki biyu ne. Na farko shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da aspirin. Na biyu, wanda ya fi yawa, wata bakteriya ce mai siffar murɗaɗɗen zare da ake kira Helicobacter pylori, ko H. pylori a taƙaice. Ita kuma ɓarnarta ba ta tsaya ga gyambo ba.

Likitan da ya sha cuta da gangan

An daɗe ana koyar da likitoci cewa babu bakteriyar da za ta rayu a tumbi saboda ƙarfin asid ɗin da ke ciki. Wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka rushe wannan karatu. A 1982 suka yi nasarar renon bakteriyar a ɗakin gwaji, amma abokan aikinsu ba su gamsu ba. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ya rene ta a ciki ya kwankwaɗe. Cikin 'yan kwanaki ya kama amai, gwaji kuma ya nuna tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel.

Dabarar bakteriyar ita ce tana fitar da wani sinadari da ke samar da amoniya a kewayenta, wanda ke kashe kaifin asid. Daga nan sai ta kutsa cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi, ta yi zamanta. Galibi tun mutum na yaro yake ɗaukar ta a cikin gida, ta yawu, amai, ko ruwa da abincin da bahaya ya gurɓata. In ba a kashe ta ba, takan zauna har tsufa. An ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita.

Saƙon bogi a fada

Don a gane ɓarnarta, sai an san yadda bangon tumbi ke sabunta kansa. Bangon jere ne na ƙwayoyin halitta, kowace manne da 'yar uwarta kamar tubalin gini. Kullum wasu na mutuwa, wasu na rabuwa gida biyu don cike gurbi. Amma ƙwayar halitta ba ta rabuwa don ta ga dama. Sai an aiko mata da izini.

Mu ɗauki ƙwayar halitta a matsayin gari mai ganuwa. Ɗan aike ya iso ƙofa da saƙon cewa ana buƙatar ƙarin jama'a. Sarkin ƙofa ya karɓa, ya buga hatimi, ya miƙa wa na gaba, shi ma ya miƙa, har saƙo ya isa fada, wato cibiyar ƙwayar inda kundin gado yake. Fada ta ba da umarni a rabu. Da an cika umarni sai a goge hatimi, kowa ya koma mazauninsa. Masu miƙa saƙon furotin ne iri-iri, hatimin kuwa wani ɗan guntun sinadari ne mai suna fosfet da ake liƙa wa furotin ko a cire.

Wasu jinsunan H. pylori na da wani makami mai kama da allurar sirinji. Da shi bakteriyar ke huda ƙwayar bangon tumbi ta tura mata wani furotin mai guba da ake kira CagA. Ke nan baƙon bai bi ta ƙofa ba, ganuwa ya haura. Abin mamaki, wani sashe na jikinsa ya yi kama da na 'yan gari, don haka ma'aikatan ƙwayar da kansu, waɗanda ake kira Src da Abl, suke buga masa hatimin fosfet.

Da ya samu hatimi sai ya nufi wani furotin mai suna SHP-2, wanda ke cikin masu isar da saƙon girma. A ka'ida SHP-2 a naɗe yake, ba ya motsi sai saƙon gaskiya ya zo. CagA na kama shi ya buɗe shi da ƙarfi, sai saƙo ya yi ta kwarara zuwa fada: a rabu, a motsa, alhali babu wanda ya aiko. Ayarin masanin Japan Masanori Hatakeyama ne ya bayyana wannan haɗuwa a 2002. A ɗakin gwaji, ƙwayoyin da gubar ta shiga kan miƙe su yi tsini kamar bakin wani ɗan tsuntsu mai tsotson ruwan fure.

Bai tsaya nan ba. CagA na kuma danne wani furotin mai suna PAR1, wanda aikinsa shi ne tabbatar da kowace ƙwaya ta san samanta da ƙasanta, ta kuma riƙe maƙwabciyarta gam. In ya daina aiki sai jeren tubalin ya saki. Ga umarnin rabuwa babu ƙaƙƙautawa, ga gini ya kwance, ga kumburi na shekara da shekaru da ke jawo kurakurai a kundin gado. Wannan ita ce ƙasar da sankara ke son tsirowa a kai. A 2008 masu bincike a Japan suka nuna cewa ɓerayen da aka sa jikinsu ke ƙera CagA, ba tare da bakteriyar ba, wasunsu sun kamu da ƙari a tumbi da hanji. Tun a 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka H. pylori a sahun farko na abubuwan da ke jawo wa ɗan Adam sankara.

Kada hankali ya tashi, amma kada a yi sake

Mafi yawan masu ɗauke da bakteriyar ba za su taɓa jin komai ba. Kamar ɗaya cikin goma ne ke samun gyambo, masu kaiwa ga sankarar tumbi kuwa ba su wuce ɗaya zuwa uku cikin ɗari ba, shi ma bayan shekaru masu yawa. Jinsin bakteriyar na da tasiri: CagA na gabashin Asiya ya fi riƙe SHP-2 da ƙarfi, kuma Japan, Koriya da Sin na cikin ƙasashen da sankarar tumbi ta fi yawa. Shan taba, yawan gishiri da tarihin cutar a dangi duk suna ƙara haɗari.

Mu ma muna cikin labarin. Wani likita ɗan Ingila, Chris Holcombe, da ya yi aiki a Maiduguri, ya tarar mafi yawan mutanen da aka gwada na ɗauke da alamar bakteriyar, amma ba a cika samun rahoton sankarar tumbi ba. A 1992 ya kira abin da ɗaurin kan Afirka. Har yau ana muhawara: wasu na danganta shi da jinsin bakteriyar da yanayin garkuwar jiki, wasu na cewa ƙarancin kayan bincike da rashin rubuta alƙaluma ne ke ɓoye masu cutar. Duk wanda ya san mutane nawa ke rasuwa a gida da sunan "ciwon ciki" ba zai jingina da wannan ɗaurin kai ba.

Abin da iyali za su yi

Farin ruwan kwalba da omeprazole na rage asid ne kawai. Zafi zai lafa, amma bakteriyar na nan tana aikinta. Mai olsar da ke tafiya tana dawowa ya je asibiti ya nemi gwajin H. pylori. Gwajin bahaya ko na numfashi ne ke nuna tana nan yanzu. Na jini kan nuna alama ko da an daɗe da rabuwa da ita. A sanar da likita magungunan da ake sha, domin omeprazole cikin mako biyu kafin gwaji, ko maganin kashe bakteriya cikin mako huɗu, na iya ɓoye ta.

In an same ta, magani haɗi ne na masu kashe bakteriya aƙalla biyu da mai rage asid, galibi na kwana 14. A shanye shi duka ko da an ji sauƙi a rana ta uku, domin yankewa a tsakiya ne ke koya wa bakteriyar jure magani. Bayan aƙalla mako huɗu da gamawa a koma a sake gwaji. Bincike ya nuna kashe ta na rage haɗarin sankarar tumbi, musamman in an yi da wuri, shi ya sa a 2013 Japan ta faɗaɗa inshorar lafiyarta ta haɗa da maganin ga masu kumburin tumbi.

A gida kuwa, a wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin girki, a tace ko a tafasa ruwan da ba a amince da shi ba, iyaye mata da kakanni kuma su daina tauna wa jariri abinci.

Akwai alamomin da ba a jira da su: baƙin bahaya kamar kwalta, aman jini, rama babu dalili, wahalar haɗiya, ƙoshi daga loma biyu, ko ƙarancin jini. In ɗaya daga cikinsu ya bayyana, musamman ga wanda ya manyanta, ba maganar kemis ba ce. A kai shi inda za a zura 'yar kyamara ta maƙogwaro a ga tumbin ido da ido.