Gonakin Dutse sun zama fulotai, asusun ƙaramar hukuma bai shaida ba

Lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991, ta kuma ce Dutse ne babban birnin sabuwar jihar, garin bai wuce hedikwatar ƙaramar hukuma ba. Fadar sarki tana Garu a kan duwatsu, ga tsofaffin unguwanni irin su Limawa, saura kuwa gonakin gero ne da dawa da gyaɗa, da itatuwan dabino jefi-jefi. Yau Limawa ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Dutse, sabon gari kuma sai cinye gonakin da ke kewaye da tsofaffin unguwannin yake yi. Gonar da a da ake kimantawa da damin geron da take bayarwa, yanzu da yawan fulotan da za ta fitar ake yi mata kuɗi. Dukiya mai yawa ta tashi daga wannan sauyi, amma hukumar da mutanen unguwa suka fi kai wa kuka ita ce ta fi kowa tashi a tutar babu.

A shekarun farko abin bai yi sauri ba. Ma'aikata da yawa da aka turo daga Kano can suka bar iyalansu, su zo Litinin su koma Juma'a, don haka fili bai dame su ba. Al'amarin ya juya sosai a zamanin Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, da aka gina sabuwar sakatariyar jiha da manyan tituna da rukunonin gidaje, aka kuma buɗe filin jirgin sama a 2014. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda ta zo da malamai da ɗalibai masu neman ɗakin haya. Duk inda aka ja kwalta, gonar da ke gefenta ta daina zama gona a idon mai ita tun kafin ya girbe abin da ya shuka.

Akwai kuma dalilan da ba aikin gwamnati ba ne kai tsaye. Gonar da uba ya bari, in aka raba wa magada goma, kason kowa bai isa noma ba, amma ya isa fuloti. Taki ya yi tsada. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta zube, ɗan kasuwa da ma'aikaci duk sun gane ajiye kuɗi a banki asara ce, gara a binne su a ƙasa. Zaman lafiyar da Jigawa take da shi, in aka kwatanta da wasu jihohin Arewa, shi ma yana jawo masu saye.

Yawancin wannan ciniki ta hanyar awon igiya yake bi. Mai gona ya kira dillali, a zo da igiya da turaku, a yanka. Mai saye ya tsaya a tsakar gona yana dube-dube, ya ce, "Baba, ina hanya za ta bi?" Dattijo ya nuna masa wani zirin da aka bari tsakanin turaku biyu, ya ce, "Ga ta nan, Alhaji, mota za ta wuce." A rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'ada, a yi fatiha a watse. Lissafin da ke ƙarƙashin wannan zirin hanya mai sauƙi ne. Hekta 1 tana fitar da fuloti 21 masu faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100, in ba a bar komai ba. In za a bar titi na gaskiya da magudanar ruwa da ɗan filin makaranta, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Wane magaji ne zai yafe fuloti shida ko bakwai saboda mutanen da bai sani ba?

Ba kwaɗayi kaɗai ke sa manomi gaggawa ba, doka ma tana tura shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon ayyana yankin da ya zama birni, ta kuma ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da itatuwa da amfanin gona. Ita kanta ƙasar ba a biyan kuɗinta. Saboda haka manomin da ya ga masu awon gwamnati sun fara zagaya maƙwabtansa, ya san in ya jira za a ƙirga masa dabino da mangwaro ne kawai, in kuwa ya riga su, zai sayar a farashin kasuwa. Kowa ya samu kansa a wannan hali igiya zai ɗauko.

Wannan doka ce kuma ta fitar da ƙaramar hukuma daga maganar. Ikonta na ba da izinin mallakar fili na gargajiya ya tsaya ne a karkara. Da zarar wuri ya shiga da'irar birni, takardar shaidar mallaka da kuɗin ƙasa na shekara-shekara da izinin sayarwa da sauya manufar fili daga gidan zama zuwa shaguna duk sun koma ma'aikatar ƙasa ta jiha, izinin gini da tsarin unguwanni kuma na wajen hukumomin jiha irin su Hukumar Raya Birane da Hukumar Raya Babban Birnin Dutse. Dokar rabon haraji ta 1998 ta bi wannan layi har zuwa ƙananan abubuwa: kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki, harajinta na jiha ne, kuɗin sanya wa titi suna a babban birni ma na jiha ne. Zama babban birni ya ƙara wa ƙaramar hukumar Dutse mutane da shara da lunguna, ya kuma rage mata wuraren da za ta miƙa hannu ta karɓi kuɗi.

Amma nauyin yana nan a wuyanta. Jadawali na 4 na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, titunan unguwa da magudanan ruwa, sanya wa gidaje lamba, da hannu a makarantun firamare da kula da lafiya. Mutumin Limawa da ruwa ya ci masa katanga bai san ofishin da ke riƙe da taswirar gari ba. Kansila ya sani, gidansa kuma zai yi sallama da sassafe.

Da me kansilan zai yi aikin? Kusan duk abin da ke shiga asusun ƙaramar hukuma daga Abuja yake zuwa. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin kayan masarufi. Wajen rabon kason asusun tarayya, kashi 40 daidai-wa-daida ake yi, kashi 30 kuma bisa yawan jama'a, alhali ƙidayar ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006, wadda ta ba ƙaramar hukumar Dutse mutum kimanin 250,000, tun kafin jami'a da filin jirgi. Kafin a yi maganar kwalbati ɗaya, sai an fitar da albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da na sakatariya, da kason fansho da na masarauta. Gaskiya ne kason wata-wata ya ƙaru bayan cire tallafin mai, amma siminti da rodi da dizal sun tashi tare da shi, a Yulin 2024 kuma mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Abin da hukuma ke tarawa da kanta daga rasit ɗin rumfunan kasuwa da tasha da mayanka da takardar shaidar zama ɗan gari, cikin cokali ne.

Akwai hanya guda da Tsarin Mulki ya bari a buɗe, wato harajin gidaje: ƙaramar hukuma ta kimanta gine-gine, majalisar dokokin jiha ta ƙayyade abin da za a biya. Shi ne harajin da ke girma tare da gari, kuma shi ne wanda 'yan siyasa suka fi tsoro. Tsoron yana da tarihi. Lokacin En'e, dagaci da mai unguwa sun san kowane magidanci da gonarsa, domin da kuɗin ƙasa da haraji da jangali ake cika baitulmali, ana kuma karɓarsu da wulakancin da ya sa talakawa suka rungumi jam'iyyar NEPU. Da Abubakar Rimi ya hau mulkin tsohuwar jihar Kano a 1979, lokacin Dutse na cikinta, soke haraji da jangali na daga cikin abin da ya fara yi. Ya yi daidai. Sai dai ba a kawo wani abu mai adalci a madadinsu ba, saboda gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya haɗa su da kuɗin mai. Daga nan ciyaman ya daina buƙatar aljihun mutanen unguwa, su ma suka rasa abin da za su riƙe shi da shi. Wanda bai karɓi kuɗinka ba, da wuya ya ji dole ya yi maka bayani.

In za a yi adalci, awon igiya ya yi wa mutane rana. Ta nan ƙaramin ma'aikaci da ɗan acaɓa da mai shayi suka mallaki muhalli, abin da rukunin gidajen gwamnati ba zai taɓa wadatar ba. Magina da masu buga bulo da direbobin tifa da kafintoci suna ci daga nan. Manoma da yawa sun sauke farali, sun aurar da 'ya'ya, wasu sun sayi gona mafi girma can cikin ƙauye. Wasu kuwa kuɗin ya ƙare cikin shekara biyu, ga shi babu gona babu sana'a.

Asarar ita ce ba ta bayyana ranar ciniki. Dutse gari ne da duwatsu suka kewaye, ruwan sama in ya sauko daga kansu da ƙarfi yake zuwa, kuma hanyar da ya saba bi yake nema ko an gina ɗaki a kanta. Jigawa ta ga abin da ruwa ke yi a daminar 2022. Lungun da aka ce mota za ta wuce, in kowa ya fito da dakalinsa da ramin masai, motar kashe gobara ba ta shiga, ta kwasar shara ma haka. Unguwa ta cika babu filin makaranta, babu na maƙabarta. Ranar da gwamnati ta tashi jan titi kuma, sai an shafa jan fenti a katangu, a rushe, a biya diyyar gini, wadda ta ninka abin da za a kashe da tun farko an bar hanyar. Ga rigimar fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu, wadda ke cin lokacin kotuna da zauren hakimi, ga burtalin da aka toshe wa makiyaya. Ribar ta shiga aljihun mutum ɗaya a rana ɗaya, ɗawainiyar ta zama ta jama'a shekara da shekaru.

Mutane da yawa sun ɗora fata a kan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa ba, ya kuma haramta kantomomin riƙo. Hukunci ne mai kyau, ko da yake aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Amma ko an cika shi har ƙarshe, hanyar da kuɗin Abuja ke bi kawai ya gyara. Bai ba ƙaramar hukumar Dutse ko kwabo daga darajar filayen da ke tashi a gabanta ba, bai kuma ba ta bakin magana a kan yadda ake yanka su ba.

Legas ta gwada wata dabara tun 2001: ta haɗe kuɗin ƙasa da harajin gidaje da na raya unguwa suka zama biya ɗaya, jiha ta karɓa, a raba da ƙananan hukumomi. Da aka tsawwala kuɗin a 2018 jama'a suka yi caa, dole aka sassauta. Jigawa ba Legas ba ce, talauci a nan ba wasa ba ne, kuma duk wanda ya ce a fara da ƙofar gidan gado a tsohuwar Limawa, neman kashe maganar yake yi tun kafin ta tashi. Inda ya dace a fara a bayyane yake: otal-otal, gidajen mai, jerin shaguna, gidajen hayar ɗalibai, da manyan filayen da aka katange aka bari suna jiran farashi. Waɗannan kwaltar gwamnati ce ta ɗaga darajarsu, ba guminsu kaɗai ba. Kafin haka sai an yi aikin da babu mai yin bikin buɗe shi, wato a san gidajen, a sa musu lamba, a shigar da takardun awon igiya cikin rajista da kuɗi kaɗan. Mai unguwa kuma, tunda babu cinikin da ke wucewa ba da hatiminsa ba, a ba shi ƙa'ida a rubuce: kada ya buga hatimi sai ya ga faɗin hanya da mafitar ruwa. Manomi ma ba zai daina gudun masu awon gwamnati ba sai ya tabbata zai samu kaso mai tsoka daga fulotan da za a fitar a gonarsa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran Abuja. Ikon ƙasar birni yana hannun Gwamna Umar Namadi, ikon ƙayyade harajin gidaje yana hannun Majalisar Dokokin Jigawa. 'Yan majalisar su yi dokar da za ta ware wa ƙaramar hukuma kasonta daga kuɗin filayen birni, ta kuma wajabta a liƙa a kowace mazaɓa abin da aka tara daga cikinta da abin da aka yi mata da shi. Gonakin da suka rage a gefen gari ba za su jira wani zangon mulki ba.